Ruwan Zafi na Tafadek

Wani tsohon maɗinki a Agadas ya daɗe yana fama da sanyin ƙashi, har riƙon allura ya gagare shi. Ya sayar da ragonsa, ya nufi Tafadek, wani kwari cikin duwatsun Azbin.

Can ya tarar da ruwa yana ɓuɓɓugowa da zafinsa, ba wanda ya hura masa wuta. Asalinsa ruwan sama ne da ya nutse cikin ƙasa, duwatsu masu zafi suka ɗumama shi, sa'an nan ya komo waje.

Kwana 7 yana shiga, safe da yamma. Ciwon bai rabu da shi sarai ba, amma yatsunsa suka saki. Ko da ya koma gida, da kansa ya zura zare a allura, ya yi hamdala.