Neman Kiɗan Ƙwarya a Ƙasar Ɗanƙwairo

Ƙarfe bakwai na safe motarmu ta bar Gusau, mu huɗu a kujerar baya, naira 3,000 kowa zuwa Talata Mafara, tafiyar wajen kilomita 90. Muna wuce Bunguɗu da Maru hira ta mutu, kowa ya zuba wa daji ido, sai shingayen jami'an tsaro. Wajen tara da rabi muka sauka, ƙafafuna sun yi tsami.

Ni ɗan Funtuwa ne, garin Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, na zo in ji ko kiɗan ƙwarya na mata yana da rai a nan. Amma duk wanda na tambaya sai ya ja ni wajen maza. Daga Mafara na leƙa Bakura da Maradun. A Bakura zancen Musa Ɗanƙwairo ake yi, ɗan ƙauyen Ɗankadu. A Maradun ma zancensa ake yi, shi makaɗin kotson fada da ya rasu a 1991, da na yayansa Kurna. Da na ce mata fa, wani dattijo ya yi dariya, ya ce ai suna cikin gida.

Ashe da gaskiyarsa. Bayan la'asar aka kai ni wani gidan biki a Maradun, iyakata zaure. Daga ciki nake jiyo ƙorai a kife ana dukansu, ɗaya na kan ruwa, amonta ya fi zurfi, zabiya na bayarwa mata na amshi. Wata tsohuwa ta leƙo da ruwan sha, na ce, "Inna, kun san Barmani?" Ta ce, "Ɗan nan, wace mace ce ba ta san ta ba?"

A ganina bambancin ke nan. Makaɗin fada yana da sarkin da zai ba shi doki da riga, sunansa ya shiga tarihi. Mai ƙwarya kuwa sai liƙin 'yan biki. Barmani na cikin waɗanda suka fito da amada, wato kiɗan ƙwaryar nan, daga tsakar gida zuwa kaset da dandalin taro, tana zuga mata su kama sana'a, tana yi wa kishiya habaicin da wasu malamai ba su so ba, har ta rasu a 2013.

Ban ji ƙarshen kiɗan ba. Direba ya aiko yaro cewa ba zai kai magariba a hanyar Mafara ba, ko nawa zan ba shi.