Tsuntsayen Bakin Ruwan Warra

Makon nan ina so in kai ku Warra, ta ƙasar Ngaski, mu dubi tsuntsaye. Kada ku yi dariya. Akwai Turawa masu kashe kuɗi da yawa su tafi dazuzzukan Burazil da Ajantina don kallon tsuntsu kurum. Mu kuwa ga namu a bakin tabki, kyauta.

Tabkin nan ba daɗaɗɗe ba ne. A 1968 aka gama madatsar Kainji, Kwara ta taru ta yi tabki mai tsawon wajen mil 80, ta cinye tsohuwar Busa da yawancin tsibirin Foge, aka ta da mutum fiye da 40,000. Kowace shekara ruwan yakan cika da kaka da hunturu, sa'an nan ya ja da baya da bazara, ya bar taɓo da ciyawa. Nan ne kasuwar tsuntsaye take ci. A 2008 ma an sa abin da ya rage na Foge cikin wuraren dausayi da duniya ta yarda a kiyaye.

Ki fita da sassafe, bayan asuba, da zane mai duhu, ki sami gindin itace ki zauna shiru. Zalɓe za ki fara gani, tsaye cikin ruwa kamar an kafa sanda, yana dakon kifi. Can sai kirinjijiya su wuce garke guda suna fito, fuskarsu fara. Dinya ta fi su girma nesa, a fiffikenta kuma akwai ƙaya. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai tsegumin wurin, da ya hange ki zai sanar da kowa.

Balbela kuwa kada ki raina ta don kullum tana bin shanun Fulani. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 danginta suka ƙetare teku da fiffikensu, daga Afirka suka sauka Amurka ta Kudu, ba jirgi ba guzuri. Yau har ƙasar Ajantina akwai ta. Watau mai zuwa can kallo, har da tsuntsuwarmu yake kallo.

Ki lura da watanni. Shamuwa tana zuwa mana da farkon damina, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Tana tafiya sai baƙi daga Turai su iso, waɗansu agwagi da tsattsewa da ƙananan masu dogayen ƙafafu, sun ratso Hamada suna gudun sanyin ƙasarsu. 'Yan makaranta, ku ware littafi guda, ku riƙa rubuta suna da rana da wurin da kuka ga kowanne. Wanda ba ku sani ba, ku tambayi tsofaffin Sarkawa da Gungawa, sun fi littafi saninsu.

Akwai wadda zai yi wuya ki gani, ita ce gauraka mai tukku kamar zinariya. Iyayenmu sun san kukanta, amma kamu don sayarwa da noman fadamu sun sa ta kusa ƙarewa a Nijeriya duka. Abin da ya same ta yana iya samun dinya. Don haka uwa, in ɗanki ya shigo da ƙwai daga sheƙa, ko kika ga danƙo a wuyansa, ki yi masa faɗa tun yau.

Sauran magana ɗaya. Kallon nan a gaɓa ake yinsa, kuma kada yarinya ta je ita kaɗai. In har za ku shiga jirgi, ku ƙi wanda aka cika fiye da kima, gama mutanen Warra ba su manta da wanda ya nutse a watan Mayu na 2021 ba, da rayuka masu yawa a cikinsa.

Wadda ta ga gauraka, don Allah ta rubuto mana ranar da wurin.