Ranar da na bi ƴan ajina kallon gobara

Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji a nan Maraɗi, kuma akwai rana ɗaya da har yanzu in na tuna ta sai kunya ta kama ni. Wata Laraba ce lokacin ɗari, wajen ƙarfe goma na safe. Ina gaban allo sai wani yaro da ke zaune bakin taga ya ce, "Mushe, hayaƙi!" Kafin in juyo rabin aji sun miƙe, kafin in aje alli sun kai ƙofar lakwal.

Hayaƙin daga jerin rumfunan bakin titi yake tashi, inda mai faci da ɗan ruwa-ruwa da mai walda suke maƙwabtaka. Na san wurin sarai, don ni da kaina na kai ɗan ƙanwata wajen mai waldar nan koyon aiki, bayan ya bar karatu yana ɗan shekara goma sha huɗu. Na bi yara a baya ina ce wa kaina maido su zan yi. Gaskiya ita ce ni ma so nake in gani. Na tarar da wurin cike: ƴan kabu-kabu sun jera baburansu, mata da goyo, samari kowa ya ɗaga waya. Tsakaninmu da wutar bai fi taku ashirin ba.

Can sai ga ɗan ƙanwata ya fito ta bayan rumfa a guje yana ihu, "Ku matsa, akwai tukunyar gas a ciki!" Ba wanda ya kula shi. Wani ma ture shi ya yi don ya tare masa gani. Da yaron ya hango ni sai ya riƙe mini riga ya ce, "Kawu, don Allah ku kwashe yaran nan, za ta fashe." Baba mai gadi ne ya riga ni fahimta, ya ɗaga sandarsa ya kora su kamar mai kora awaki. Muna shiga ƙofa muka ji ƙarar. Wani guntun kwano ya tashi ya sami wata yarinya ƴar ajina da ta tsaya a baya, ya yanke ta a goshi, dab da ido. Da yamma a asibiti mahaifinta bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Mushe, kai kana ina lokacin?" Ban iya ce masa ina gefenta ina kallo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na san wannan labari tun kafin ya same ni. Duk shekara in na zo darasin Yaƙin Duniya na Ɗaya nakan ba ƴan aji huɗu labarin Halifas, wani gari mai tashar jiragen ruwa a gabashin Kanada. A lokacin jiragen yaƙin Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila da Faransa abinci da makamai. Shi ya sa aka koma tara jirage a Halifas su ƙetare teku cikin ayari da rakiyar jiragen yaƙi, kuma kullum da dare sai a ja ragar ƙarfe a rufe bakin tashar. Kafin yaƙin ba a barin jirgi mai ɗauke da abubuwan fashewa ya shiga cikin tashar, kusa da gidajen mutane. Tsoron harin Jamus ya sa aka sassauta wannan doka.

Ranar 6 ga Disamba 1917 da safe, jirgin Faransa mai suna Mont-Blanc, wanda ya taso daga New York da kusan tan 2,900 na abubuwan fashewa, ya shigo ta wani matsatsin ruwa. A samansa an jera gangunan wani mai da ke saurin kama wuta. Jirgin ƙasar Norwe mai suna Imo kuma yana fita, cikin saurin da ya wuce ƙa'ida, ya kuma bar hannunsa. Wajen ƙarfe tara saura kwata suka gogi juna. Karon ba mai ƙarfi ba ne, amma ganguna sun kife, mai ya malale, tartsatsin ƙarfe ya kunna shi.

Ma'aikatan Mont-Blanc sun san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Suka faɗa kwale-kwale biyu suka nufi gaɓa suna ihu a gudu, amma da Faransanci suke ihun, ga hayaniya, mutanen garin kuwa Turancin Ingilishi suke ji. Jirgin bai kafa jar tutar da ke nuna akwai abin fashewa ba, don kada abokan gaba su gane shi. Abin da jama'a suka gani kawai jirgi ne yana ci da wuta, ruwa yana turo shi gefen unguwarsu. Ƴan lakwal da ke kan hanya suka tsaya kallo, ma'aikata suka bar aiki, mata suka leƙo ta tagogin gilashi. Kusan minti ashirin suka samu, wanda ya ishi mutum ya yi nisa. Da ƙarfe tara da minti huɗu jirgin ya fashe. Mutum kusan 2,000 suka mutu, wajen 9,000 suka ji rauni. Wani yankin ƙarfen angar jirgin mai nauyin rabin tan an tsince shi fiye da kilomita uku daga wurin. Da yawa daga cikin masu leƙe ta taga gilashi ya tarwatse musu a fuska, wasu ba su sake gani ba.

A cikin labarin akwai wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, Vince Coleman. Wani matuƙin ruwa ya gaya masa abin da jirgin ke ɗauke da shi. Ya fara gudu, sai ya tuna akwai jirgin fasinja da ke hanya da mutum wajen 300. Ya koma ya buga wayar tangaraho a tsayar da jiragen da ke nufo garin. A bakin aikinsa ya mutu. Shi na fi son ba yara labarinsa, kuma duk shekara nakan tambaye su me ya bambanta shi da sauran. Amsar da nake nema ita ce an gaya masa, ya kuma saurara. Sai ga shi ranar da aka gaya mini, cikin Hausar da na tashi da ita, sai da aka riƙe mini riga.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne na da. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki, ta kama wuta, aƙalla mutum 55 suka rasu a daren, wasu suka biyo baya a asibiti. A Oktoba 2024 irin haka ta faru a Majiya ta jihar Jigawa, aka rasa fiye da mutum 150. Na san talauci yana cikin abin da ke kai mutum ɗibar mai. Amma a kowane irin wannan taro akwai waɗanda ba su riƙe da ko gwangwani, kallo kaɗai ya kai su.

Bayan kwana biyu na zaunar da ɗan ƙanwata na tambaye shi yadda wutar ta tashi. Ya ce wata ganga aka kawo a yanke, wadda aka taɓa zuba mai a ciki, ba a wanke ta ba, ba a cika ta da ruwa ba. Gangar da ba kowa a cikinta ta fi cikakkiya haɗari wajen yanka, don tururin man ne ke fashewa. Tururin nan kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har ya iske tartsatsi a rumfar maƙwabci. Ya ce jarkokin ɗan ruwa-ruwa da tukwanen gas ɗinsu zana ɗaya ce ta raba su, kuma ya daɗe da sani. Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce, "Kawu, yaro ne zai gaya wa maigida yadda zai yi aikinsa?" Daga nan ya gaya mini sau nawa ya kwana idonsa yana zafi kamar an zuba masa rairayi, don tabarau ɗaya ne a rumfar, na maigida. A gidana yake kwana, ban taɓa lura ba. Ranar da na kai shi abin da na tambaya kawai shi ne ko ana ba su na abinci da rana.

Mu iyaye muna kai ƴaƴanmu gareji, injin niƙa, wajen walda, wajen kafinta, muna ce wa maigida, "Ga shi nan, ɗanka ne." Muna koya musu ladabi, kuma ladabi abu ne mai kyau. Amma ba mu koya musu cewa akwai lokacin da yaro zai ce ba zan sa hannu a nan ba, ko ya ɗaga murya kan babba don ya ga abin da babban bai gani ba. In abu ya faru sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma rashin wanke ganga sakaci ne, kuma ana iya gyara shi tun kafin ranar.

Yanzu na mayar da yaron wajen wani mai walda. Kafin in bar shi na zagaya rumfar da kaina, na ga inda ake aje gas, na ga bokitin rairayi, na saya masa tabarau da safar hannu da kuɗin da bai kai na cefanen sati ba. Maigidan ya ɗan ji haushi da farko, ya ce ba a taɓa yi masa haka ba.

A lakwal kuma na roƙi shugabanmu muka sa doka: in an ga hayaƙi a waje, mai gadi ya rufe ƙofa, kowane malami ya tsaya da ajinsa nesa da taga, mutum ɗaya ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Muna gwada wannan sau ɗaya kowane zango. Ina gaya wa yara ba a kashe wutar mai da ruwa, kuma in sun ga wanda ke aiki a wurin yana gudu, su bi shi, kada su tsaya tambaya. Malamai ƴan'uwana, wannan ba ya cikin tsarin karatun da aka ba mu, amma minti goma ya ishe shi.

Yarinyar ta warke, ta ci jarrabawarta ta wuce gaba. Tabon yana nan saman girarta ta hagu. In mun haɗu a hanya takan gaishe ni da fara'a, ni kuwa idona wajen tabon yake fara zuwa.