Kyauta Daban, Ƴanci Daban

A harshen Ingilishi kalma ɗaya ce take nufin abin da ba a biya kuɗinsa da kuma abin da ba a ɗaure ba. Bahaushe ya raba su: kyauta daban, ƴanci daban. A kan wannan bambanci Richard Stallman ya gina gwagwarmayarsa lokacin da ya sanar da aikin GNU a Amurka a shekarar 1983. A wurinsa, manhaja mai ƴanci ita ce wadda mutum yake da ikon amfani da ita yadda ya so, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara ta, ya kuma raba ta ga wasu. Maganar kuɗi ba ta shigo ciki ba.

Gaël Duval, injiniya ɗan ƙasar Faransa, yana cikin waɗanda suka bi wannan tafarki. A 1998 ya ƙirƙiro Mandrake Linux domin talaka ya iya amfani da Linux a kwamfutarsa ba tare da wahala ba. A ƙarshen 2017 ya bayyana cewa zai rabu da Apple da Google, domin ya ga wayar da ke aljihunsa tana kai labarinsa inda bai aike ta ba. Daga nan aka haifi tsarin da yanzu ake kira /e/OS, daga baya kuma kamfanin Murena mai sayar da wayoyi ɗauke da shi.

Tushen Android a buɗe yake, kowa na iya karanta shi. Amma a kansa akwai manhajojin Google waɗanda suke a rufe, su ne ke tafiyar da sanarwa da gano wurin da mai waya yake, kuma kullum suna magana da na'urorin kamfanin. Mai waya bai biya ko dala ba, sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa: bayanansa ne ladan. Duval ya cire waɗannan manhajoji, ya sa microG a madadinsu, wata buɗaɗɗiyar manhaja da ke yin kusan aikinsu da ƙarancin leƙen asiri. Tsarin yana nuna wa mutum masu bin sawu da ke ɓoye cikin kowace manhaja, ya kuma ba shi damar toshe su.

Ƴancin nan yana da nauyinsa. Wasu manhajojin banki sukan ƙi aiki, kuma biyan kuɗi ta hanyar Google ba ya yiwuwa. Masu haɗa GrapheneOS, wani tsari makamancinsa, sukan soki /e/OS da jinkirin toshe ɓarakar tsaro. Su kansu kuwa tsarinsu a kan wayoyin Pixel yake aiki, waɗanda Google ɗin nan ke ƙerawa.

Duk da haka Duval bai janye ba. Wayarsa ana sayenta da kuɗi, wani lokaci ma ta fi takwarorinta tsada, domin abin da ya yi alkawari shi ne ƴanci. Mai sayenta yana biyan farashi sau ɗaya a fili, maimakon ya riƙa biya da sirrinsa kowace rana a ɓoye.