Yadda Na Zaɓi Zarton Inji

Mutumin da ya tashi a Arewa, inda ake renon itace kamar ɗa, idan aiki ya kawo shi ƙasar Yarabawa zai yi mamakin yadda itatuwa ke girma ba da izinin kowa ba. Can gida sai ka dasa darbejiya, ka kewaye ta da ƙaya sabo da awaki, ka yi ta ɗaukar mata ruwa rani biyu ko uku kafin ta tsaya da ƙafarta. Nan kuwa ka jefar da ƙwallon mangwaro bayan ɗaki ka manta, ran da ka waiwaya sai ka ga reshe yana leƙen tagarka. Ruwa yakan sauka tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Nuwamba, kuma na farkon da iska yake zuwa. To, duk mai gida da itatuwa a nan ya san abin da iskar nan ke bar masa a tsakar gida.

Ɗan filin da nake zaune a bayan gari akwai mangwaro uku, da yazawa, da jerin malaina da mai filin na farko ya dasa a kan iyaka. Kowace shekara sai reshe ya karye, wani ya tare ƙofa, wani ya kwanta bisa kwano. Gatari yana yi, amma gatari yana son ƙuruciya, ni kuwa alli ya cinye tawa. In na kira masu yankan katako sai su ce aikin ya yi musu kaɗan, ko su yanka mini kuɗin da zai sa in gwammace reshen ya ruɓe inda yake. Ga shi uwargida tana son itacen, domin tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kome ya hau, har abin hura wuta, ta koma ɗora manyan tukwanenta a murhu. Wannan ne ya sa na ƙudura zan sayi zarton inji, irin mai sarƙa. Na ga kuma ya kamata in ba 'yan'uwa malamai labarin yadda na zaɓa, don na san ba ni kaɗai ke da wannan matsala ba.

Da farko na kawar da iri biyu. Akwai mai igiyar lantarki, ba shi da nauyi, ba shi da hayaƙi, kuma ya fi araha. Amma kowa ya san halin wutarmu, kuma iskar da ke karya reshe ita ce dai ke kashe wutar. Akwai mai batir, wanda a gaskiya shi ya fi dacewa da ƙaramin gida, sai dai kuɗin batirin kaɗai ya isa ya sa malamin makaranta ya yi shiru, kuma shi ma wuta yake jira. Sai mai shan fetur ya rage.

Ranar wata Asabar na shiga mota zuwa Badun, na nufi inda ake sayar da injuna. Kai, jama'a, gani ya kori ji. Ga su nan rataye kamar naman layya, kusan duk ruwan lemo da fari, duk kama ɗaya. Mai shagon farko da ya ji abin da nake so sai ya sauko mini da wani ƙato, ya ce, “Alhaji, wannan shi ne na maza.” Stihl 070 ne, wanda masu yankan katako ke shiga daji da shi. Injinsa ya kai cc 105, watau ya ɗara na babur ɗin Boxer da 'yan acaba ke hawa, nauyinsa kuma kilo 15 ko fiye. Na ɗaga shi da hannu biyu, na ajiye da ladabi. Wannan an yi shi ne don mai tsaga gungume ya fid da katako tun safe har la'asar. Wanda zai sare reshen mangwaro sau huɗu a shekara ya saye shi, kamar ya sayi tirela ne don kai yara makaranta.

Sunayen nan da ake bugawa a jikin injunan suna da tarihi. Zarto mai sarƙa likitoci ne suka fara yinsa a Sikotland, ƙarshen ƙarni na 18, ƙarami na hannu, don yankan ƙashi. Bajamushe Andreas Stihl ya ƙera mai lantarki a 1926, wani Bajamushen kuma, Emil Lerp, ya fid da mai fetur a 1927, ya sa wa kamfaninsa sunan dutsen da ya gwada shi a kai, Dolmar. Husqvarna na ƙasar Suwidin bindigogi ya fara ƙerawa tun 1689. Wanda ya fi burge ni shi ne Joseph Cox, wani mai saran itace a Amurka, da ya tsaya kallon tsutsar da ke cin gungume, ya ga yadda take yanka dama da hagu da muƙamuƙinta, ya kwaikwayi wannan ya yi haƙoran sarƙa a 1947. Irin haƙoran nan ake amfani da su har yanzu. Ɗalibanmu masu raina darasin nazarin halittu su ji wannan.

Amma suna a jikin inji ba shaida ba ce. A wani shagon aka nuna mini guda biyu masu suna ɗaya, launi ɗaya, kuɗin ɗayan ya ninka na ɗayan har sau uku. Na tambayi dalili, yaron shagon ya yi murmushi ya ce duk ɗaya ne, kwali ne ya bambanta. Ban yi masa musu ba, na dai yi sallama. Akwai kuma na ƙasar Sin masu cc 52 ko 58 waɗanda ba su ɓoye asalinsu ba, suna ɗauke da sunan kansu. Waɗannan ban raina su ba, na san masu aiki da su suna cin abinci. Wanda na ƙi shi ne mai sanye da rigar wani, domin wanda ya yi maka ƙarya a suna ban ga abin da zai hana shi yi maka ƙarya a birki ba.

Maganar birkin nan a bakin wani dattijo na ji ta sosai. A Sabo na same shi bayan azahar, mutumin Taraba ne, ya shekara da shekaru yana yankan katako kafin ƙarfi ya ƙare. Na ce, “Baba, wanne za ka ce in saya?” Bai amsa ba, sai ya janye hularsa ya nuna mini wani tabo da ya taso daga goshi ya shige cikin gashi. Ya ce, “Malam, wannan ba itace ne ya faɗo mini ba, injin ne ya taso.” Ya bayyana mini cewa dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa, idan saman bakinsa ya taɓa itace ko wani abu mai tauri sarƙar na gudu, sai injin duka ya yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi, kafin ƙiftawar ido. Sarƙar tana gudun mita 20 ko kusa da haka cikin daƙiƙa ɗaya. Sabo da haka ake sa wata 'yar garkuwa gaban hannun hagu, wadda in injin ya taso za ta bugi wuyan hannu ta tsai da sarƙar nan take. Ya ce, “In za ka saya, sa su tayar maka, ka ba shi wuta, ka tura garkuwar. In sarƙar ba ta tsaya cik ba, ajiye musu abinsu ko kyauta ne.”

Na ƙara kasa kunne, domin ina da ɗa ɗan shekara 16 wanda tun ran da ya ji zancen injin nan idonsa ke ƙyalli. Ba hannuna kaɗai nake saya wa ba.

Dattijon ya ci gaba. Ya ce in duba nauyi, domin gajiya ke sa mutum sakaci. Ya ce in tambayi kayan gyara kafin in tambayi kuɗi: sarƙa, fulogi, kafireto, igiyar tayarwa, in babu su a garin da nake to na sayi kayan ado. Ya ce injin irin na ƙaramin janareta ne, ba shi da wurin baƙin mai dabam, a cikin fetur ake gauraya masa, kuma masu kyau kashi 1 cikin 50 suke so, watau mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur. A zuba masa fetur zalla, fistin ya kama cikin ɗan lokaci. Akwai kuma tanki na biyu na man sarƙa, wanda mutane ke cika shi da mataccen baƙin man mota don tsimi, su ci famfon da sarƙar gaba ɗaya. Sarƙa kuwa a riƙa wasa ta da magagari mai zagaye. In tana da kaifi za ka ga tana zubo ɓarɓashi manya, in ta dakushe sai ta riƙa fid da gari kamar na tuwo.

Kafin mu rabu na tambaye shi abin da ya raba shi da gida. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce madobiya. Itacen nan da 'yan kasuwa ke kira madrid, wanda aka yi ta sarewa a Taraba da Kogi ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu a 2017, aka dakatad da fitar da shi daga Nijeriya a 2018. Ya ce da hannunsa ya kwantar da ɗaruruwa, kuma dajin da ya yi kiwo yana yaro yanzu in ka tsaya a bakinsa kana hango ƙarshensa. Abin da gatari zai kwana biyu yana fama da shi, inji yakan gama kafin shayi ya huce. Ya ce in tuna ko a cikin gari ba a kayar da babban itace sai an nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Na ce masa ni rassa zan sare. Ya ce kowa da rassa ya fara.

Na koma wurin dillalin da ke ba da rasit da lambar inji, na zaɓi ƙarami, Stihl MS 180, mai cc 32 ba kaɗan, nauyinsa kimanin kilo 4, tsawon ƙarfensa santimita 35. In an yanka ta gefe biyu zai raba gungumen da kaurinsa ya kusa ninka wannan, kuma ba ni da reshen da ya kai haka. Aka tayar, na tura garkuwa, sarƙa ta tsaya. Na sa aka nuna bakinsa ga wani kwali aka ba shi wuta, na ga layin mai ya fito, alamar famfo na aiki. Kuɗinsa ya ci albashin wata ya taɓa na biyu. Na ƙara da hular kwano, da tabarau, da safar hannu, da abin toshe kunne, domin ƙararsa ta wuce abin da kunne ke jurewa. Uwargida da ta ga lissafin ta ce, “Malam, da wannan kuɗin ai da mun sayi itacen shekara uku.” Na ce gaskiya ne, amma masu sayar da itace ba sa sauke reshe daga kan kwano.

Abin da ban gama warwarewa ba shi ne aro. Ba a yi mako ba labari ya zaga unguwa, kuma maƙwabcin da ya taɓa ba ka tsani ba ka iya ce masa a'a. Sai na kafa doka: injin ba ya fita sai da ni, ba na hawa tsani da shi, ba na yanka abin da ya wuce kafaɗata. Yaron nawa aikinsa jan rassa da tara itace, daga nesa, fulogin kuwa yana cikin aljihun rigata in na tafi aji. Wani abokin aikinmu ya ji haushi, ya ce ashe na zama ɗan kwadago. Asabar mai zuwa gidansa za ni, akwai yazawar da ta kwanta masa a kan kejin kaji.