Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Kwanan baya na kalli wani fim na 1981 mai suna Two Laws. 'Yan asalin ƙasar Ostareliya na garin Borroloola ne suka shirya shi, suna neman a mayar musu da ƙasar kakanninsu. Su suka yi shawarar abin da za a nuna, suka zaɓi a riƙa ɗaukar mai magana tare da danginsa da ƙasar da yake zaune, ba fuskarsa kaɗai ba.

Kunya ta kama ni. Sau nawa na je ƙauyenmu naɗar tatsuniyoyi, ban taɓa tambayar tsofaffin nan yadda suke so a rubuta maganarsu ba? Hutun nan, in Allah ya yarda, da wannan tambaya zan fara.