Gwiwa ta warke, saura zuciya

Akwai raunin da hoton asibiti ba ya nunawa, wato tsoron da ke zama a zuciyar ɗan wasa bayan an yi masa tiyatar jijiyar gwiwa. Mu 'yan kallo watanni kawai muke ƙirgawa. In likita ya ce wata tara, ranar da suka cika muna so mu gan shi a fili. In ya yi jinkiri, sai mu ce ragwanci ne, ko yana son cin albashi a kwance.

Haka aka yi wa Derrick Rose, lokacin da yake ɗan wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar Chicago Bulls a Amurka. A 2011, yana da shekara 22, aka zaɓe shi gwarzon gasar NBA. A watan Afrilun 2012 jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta hagu, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke. Shekara na zagayowa likitoci suka ba shi izinin komawa, amma bai buga wasa ko ɗaya ba a kakar, magoya baya suka yi masa caa.

Ni ban ga laifinsa ba, domin na ɗanɗana. Tawa jijiyar ta tsinke ne ina buga wa ƙungiyar unguwarmu ƙwallon ƙafa. Bayan tiyata da wata goma na gashi da motsa jiki, an gwada ƙafafuna an ce ƙarfinsu ya yi daidai. Amma da ƙwallo ta taso sama, sai in ji ƙafar ta ƙi barin ƙasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsoron yana da tushe. Galibi wannan jijiya ba sai an yi wa mutum keta take tsinkewa ba. Juyi ɗaya ko dirowa a karkace ya isa. Saboda haka jikinsa yake zargi, ba abokin karawa ba. Nazarin da Clare Ardern da abokan aikinta suka wallafa a 2014 ya nuna kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar suna komawa wasa, amma kashi 55 kaɗai ke komawa gasa. Fargabar sake jin rauni na cikin manyan dalilan da suke bayarwa. Ga shi kuma mai tsoro yakan jibga nauyinsa kan lafiyayyar ƙafar, ya jefa ta ita ma cikin haɗari.

Abin da ya fisshe ni shi ne bi sannu a hankali: gudu a miƙe, sannan juyi, sannan tsalle, daga ƙarshe gogayya da abokan wasa, da kuma samun wanda zan faɗa wa fargabata ba tare da ya yi mini dariya ba.

Don haka ina kira ga masu horarwa da magoya baya: idan ɗan wasa ya ce bai shirya ba, a saurare shi. Takardar likita gwiwa ta yi wa shaida. Zuciya kuwa, mai ita ne kaɗai ya san ranar da za ta yarda.